Amsoshin Wasiƙunku: Shin Talla Ta Dace a Zauren Koyon Kwamfuta?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Ƙauran Namoda. Ya ce shi da abokansa na Shinkafi da Zurmi suna da zaure a WhatsApp inda suke taimakon juna kan gyaran kwamfuta da waya. To amma 'yan talla sun cika wurin, har wani ƙaninsa ya tura kuɗin waya, ga shi ba waya ba kuɗi. Yana tambaya, shin a hana tallar ne, ko a bar ta?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ka san rigimar nan ba yau ta fara ba. A watan Mayu na 1978, wani ma'aikacin kamfanin Digital a Amurka mai suna Gary Thuerk ya aika tallar sabuwar kwamfuta ga mutane wajen 400 a kan ARPANET, wato kakan intanet. Aka yi masa caa, aka ce ba don ciniki aka shimfiɗa hanyar ba. A watan Afrilu na 1994 kuma, wasu lauyoyi biyu na jihar Arizona, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar aikinsu a zauruka fiye da 5,000 na Usenet. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin da ke ba su layi ya yanke su. Abin da ya fusata mutane shi ne, Usenet na da zaurukan saye da sayarwa daban, amma lauyoyin suka bi kowane ɗaki suna shela.

Mu a nan ai mun daɗe da sanin wannan tsari. Je ka kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Kara tana gefenta, 'yan hatsi suna nasu layi, 'yan koli suna nasu. Mai neman rago ba ya ɓata ƙafa a layin atamfa. Haka kuma ba ka taɓa ganin dillali ya kutsa zauren malam ana tsakar karatu yana kiran farashi ba. Ba don ciniki haramun ne ba, sai don kowane abu da muhallinsa.

Sai dai a yi wa 'yan tallar adalci. Ƙauran Namoda garin ciniki ne tun da layin dogo ya iso a 1929, ga kuma ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983, waɗanda kullum cikin neman kwamfuta mai sauƙin kuɗi suke. Rashin tsaro ya sa bin hanyar Zurmi ko Shinkafi ya zama abin tunani, har a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci. Wanda ba zai iya zuwa Gusau ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ba, ina zai nufa in ba wurin mutanen da ya sani ba? Idan kuka hana tallar ɗungurungum, kun toshe wa wasu hanyar abinci.

Illar barinta sakaka kuwa guda biyu ce. Ta farko, tambayar mai neman ilmi takan nutse cikin hotunan kaya, masu sani su gaji su fice, a bar zauren da 'yan talla suna yi wa juna shela. Ta biyu ita ce wadda ta sami ƙaninka. A kasuwa akwai dillali da ke cin la'ada, wanda za a riƙe in kaya sun zama na sata. A zaure kuwa mutum yakan saki jiki don yana ganin duk 'yan uwa ne, alhali ba wanda ya tsaya wa mai kayan.

Saboda haka shawararmu ita ce, ku buɗe zaure na biyu don ciniki kawai, ko ku ware rana ɗaya a mako, ta zama ranar kasuwarku. Kada a karɓi talla sai daga wanda wani a cikinku ya san shi ido da ido. Mai kaya ya faɗi farashi da garin da yake, ya kuma faɗi aibin kayan in akwai, kamar yadda addini ya umarta. Mai saye kada ya tura ko sisi sai shi ko wakilinsa ya riƙe kayan a hannu, don gani ya kori ji. In waya ce, a danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, a gwada ta da ta jikin kwali ko rasit, a kuma yi cinikin gaban shaidu. Wanda aka kama da wayar sata a hannunsa, shi 'yan sanda za su fara tambaya.

Da fatan Malam ka gamsu. A gaida mana mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, Allah ya mayar wa ƙaninka da alheri. Sai mun sake ji daga gare ka.