Suna Linzami: Littattafan Yara da Sanin Asali

Hausawa suka ce suna linzami ne, watau da shi a kan juyo da mutum komai nisansa. Amma yara da yawa suna amsa sunansu safe da yamma, ba su san ma'anarsa ba, balle dalilin da ya sa aka raɗa musu shi. Wannan rashi malamin aji yana iya gyara shi da littafin karatu da ke hannunsa.

Ga misali littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Farkon labarin almajirai ne suka tambayi malaminsu asalinsa, ya ba su labarin yadda aka sace shi yana ƙarami, ya tashi a hannun wani Balarabe, uwarsa kuwa ta bi sawunsa tana nema. In malami ya kai ƙarshen babi, sai ya juya tambayar kan yaran: wa ya raɗa maka suna, sunan wa ka ci, daga ina kakanninka suka taso? Kowane yaro ya koma gida ya tambayo, gobe ya kawo amsa.

Nan ilmi ke fitowa. Yaro zai gane sunan yanka dabam, wanda liman ya raɗa ran bakwai da haihuwa, laƙabi kuma dabam. Ɗanladi da Ladi ran Lahadi aka haife su, Jummai ran Jumma'a, Balarabe ran Laraba. Tanko ya biyo mata, Gambo ya biyo tagwaye. Ajuji kuwa sai da iyayensa suka binne 'ya'ya kafin ya tsaya, aka ɓoye ƙaunarsa cikin mummunan suna. Haka kuma zai san a kan ce wa Abubakar Garba, Umaru Sanda, Yusufu Maitama, ya kuma san alkunya ce ke hana uwa kiran ɗan farinta da sunansa.

Makarantar boko ma ta bar nata tabo, domin a zamanin Turawa a kan rubuta ɗalibi da sunan garinsa. Daga nan aka sami Aminu Kano, da Sa'adu Zungur, da Shehu Shagari, har shi kansa mai littafin.

Sai dai akwai hatsari. Yara da tsokana, Ajuji ko Bawa yana iya zama abin dariya a aji. Wajibi ne malami ya tunatar da su aya ta 11 cikin Suratul Hujurati, wadda ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi.

Fatake da suka zauna zangon Kumasi ko na Salaga sun fi kowa sanin amfanin wannan, gama a baƙon wuri da sunan uba da na gari a kan ba mutum masauki, a kuma ba shi bashi. Yaron da ya san sunansa ya san wanda zai kunyata in ya yi abin kunya. Allah ya raya zuriya bisa albarkar sunayensu, amin.