Me Masu Zanen Turai Suka Gani a Kangon Gidajen Ruhubanawa?

Tsakanin 1536 da 1541 Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen ruhubanawa a Ingila da Wales, ya ƙwace filayensu. Aka kwashe dalmar rufi, aka yi awon gaba da duwatsu, sauran kuma aka bar wa ruwa da iska. Shekara fiye da 200 bayan haka, sai ga waɗannan kangaye sun zama abin marmarin masu zane.

Ɗauki kangon gidan ruhubanawa na Tintern da ke gaɓar kogin Wye, wanda aka kafa a 1131. A littafinsa na 1782, William Gilpin ya koya wa masu yawon buɗe ido yadda za su kalli wurin. Har ƙorafi ya yi cewa wasu bangwayen sun cika daidaituwa, yana ganin da an taɓa su da guduma da sun fi kyau! A zanen da mai zane Turner ya yi wa kangon a 1794, ciyayi sun haye ginshiƙai, sama ta maye gurbin rufi. Saƙon a fili yake: abin da hannun mutum ya ɗora, ƙasa za ta karɓe. Sai dai a kwarin nan akwai maƙerun ƙarfe masu hayaƙi, akwai kuma talakawa da ke fakewa a gefen kangon. Yawancin masu zane sun kau da kai daga gare su, domin talauci ba ya sayuwa a bangon attajiri.

A Jamus abin ya fi nauyi. Caspar David Friedrich ya ɗauko kangon Eldena da ke kusa da garinsu Greifswald, ya dasa shi a tsakiyar manyan itatuwa da suka kaɗe ganye, a zanen da ya kammala a 1810. Ruhubanawa na ɗauke da akwatin gawa, suna ratsa ƙofar cocin da ya rushe. Ƙasa duhu, haske na can sama kusa da jinjirin wata. Wasu masana na ganin mutuwa da begen lahira. Wasu kuma na tuna cewa Napoleon ya murƙushe Prussia, ɗaya daga cikin masarautun Jamus, a 1806, don haka suna karanta kangon a matsayin ƙasar da aka durƙusar. Ni dai ban ga dalilin raba fassarorin biyu ba, tun da sarkin Prussia da kansa ne ya sayi zanen bayan an baje shi a Berlin.