Zaɓen Allah ne ya riga, ko bangaskiyar mutum?

Masu wannan muhawara a cikin Kiristoci sun yarda da abu biyu tun kafin su buɗe baki: ceto alherin Allah ne, ba ladan aiki ba, kuma ba mai samunsa sai ya ba da gaskiya ga Almasihu. Inda suka raba hanya shi ne wanne ya riga wanne. Allah ya zaɓi mutum ne don ya san zai ba da gaskiya, ko kuwa mutum ya ba da gaskiya ne don an riga an zaɓe shi?

Tsohuwar gardama ce. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya kara da Pelajiyus, wanda ya ce ɗan Adam yana da ƙarfin bin umarnin Allah da kansa. Agustin ya ce faɗuwar Adamu ta gurgunta nufin mutum, har bangaskiyar ma kyauta ce. A 418 taron bishop-bishop a Carthage ya yi watsi da koyarwar Pelajiyus. Bayan shekara dubu da ɗoriya malamin tauhidi Kalbin ya ɗauko zancen a Geneva ya ƙara masa kaifi.

A ɗauka mutum ne ya faɗa rijiya. Mabiyan Kalbin suka ce ya riga ya mutu a ciki, ko an zura masa igiya ba hannun kamawa, sai an shiga an ba shi rai an fito da shi. Hujjarsu tana Romawa sura 9, inda Manzo Bulus ya nuna an fifita Yakubu a kan Isuwa tun suna cikin uwarsu, ba su aikata komai ba. Arminiyus, malamin tauhidi a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, bai musa mutuwar ba, kuma nan ne mutane da yawa suke yi masa mummunar fahimta. Cewa ya yi Allah yana farfaɗo da mutum da alherinsa har ya iya kama igiyar, amma ba ya tilasta shi, yana iya ƙi. Mabiyansa sukan jawo 1 Timoti sura 2, mai cewa Allah yana so kowa ya tsira.

Arminiyus ya rasu a 1609. Shekarar da ta biyo, almajiransa suka miƙa wa hukuma takardar koke mai batu biyar: zaɓe ya rataya ga bangaskiyar da Allah ya hango, Almasihu ya mutu domin kowa, mutum ba ya ba da gaskiya da ƙarfin kansa, ana iya bijire wa alheri, sai batun ko mai bi zai iya fanɗarewa, wanda suka ce yana bukatar ƙarin bincike. Taron ikkilisiya a Dordrecht, daga Nuwamban 1618 zuwa Mayun 1619, ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kan cewa zaɓe ba shi da sharaɗi, zaɓaɓɓe kuma ba ya ɓata har abada.

Siyasa ta tsoma baki, abin ya yi muni. An tuɓe fastoci wajen 200 na ɓangaren Arminiyus. An fille kan dattijon ɗan siyasa Oldenbarnevelt, mai kare su, masanin shari'a Grotius kuwa aka ɗaure shi, sai a 1621 ya tsere a ɓoye cikin akwatin littattafai.

A ganina kowane ɓangare wani abu yake tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Ɗan Kalbin yana gudun mutum ya sami abin taƙama, ya ce ni na kama, maƙwabcina ya ƙi. Ɗan Arminiyus yana gudun a mai da kiran bishara wasa, a kira wanda tun fil'azal ba a nufe shi da amsawa ba. Wanda ya san taƙaddamar Jabariyya da Ƙadariyya a tarihin Musulunci zai ji kamar ya taɓa jin wannan.

A Ingila ta ƙarni na 18 batun ya shiga tsakanin abokai biyu masu wa'azi, Wesley a gefen Arminiyus, Whitefield a gefen Kalbin. Ikkilisiyar Methodist da yawancin 'yan Fentikos sun bi sahun Wesley da Arminiyus, Presbyterian da Reformed suka riƙe matsayin Dordrecht, 'yan Baptist kuwa har yau akwai na nan akwai na can.