Farautar manyan namun daji: Yaya ake zaɓen harsashi?

A kowace shekara idan aka kammala girbi, rani ya shigo, ƙungiyoyin mafarauta a jihar Kano da maƙwabtanta kan shiga daji da karnuka da gorori da kuma bindigogin gargajiya da ake kira adaka ko harba-ka-ruga.

Akasarin abin da suke samowa bai wuce zomo da zabo da gada ba, kuma irin waɗannan ba sa buƙatar wani babban makami.

To amma a ƙasashen da har yanzu ake farautar manyan dabbobi bisa izinin hukuma, zaɓen harsashi lamari ne na rai da mutuwa. Ɓaunar da aka harba ba ta faɗi ba takan shige cikin duhuwa da rauninta, kuma tana iya juyowa kan wanda ya biyo sawunta.

Ɗaya daga cikin makaman da aka daɗe ana muhawara a kansu a wannan fage ita ce bindiga mai liba, mai faɗin baki.

Mece ce bindiga mai liba?

Ita dai wannan bindiga an fi saninta ne a finafinan kaboyi. Tana da wani ƙarfe mai kama da zobe a bayan kunamarta. Idan maharbi ya tura shi ƙasa sai kwanson da aka harba ya fita, idan ya dawo da shi sai sabon harsashi ya hau.

Kamfanonin Winchester da Marlin na Amurka su ne suka yi fice wajen ƙera ta tun a ƙarni na 19. Mafarauta na son ta ne saboda gajarta da saurin sake ɗana ta, musamman a daji mai sarƙaƙiya inda dabba kan ɓullo kusa da mutum.

Bambancinta da adaka a fili yake. Mai adaka yakan ɗura albarushi da dalma ta baki, ya kirɓa, kuma harbi ɗaya yake da shi kafin ya sake ɗuri. Daga nan ne ma sunan harba-ka-ruga ya samo asali.

Akasarin bindigogi masu liba suna ajiye harsasai ne a jere cikin wani bututu da ke ƙarƙashin bakin bindigar, kan wannan na tokare da gindin wancan. Don haka ake amfani da harsashi mai dakusasshen kai, domin mai tsini na iya sukar gindin na gabansa ya tashe shi a lokacin da bindigar ta girgiza.

A shekara ta 2006 ne kamfanin Hornady ya fito da harsashi mai tsinin roba mai laushi, wanda ya rage wannan matsala.

Harsasai uku da aka fi sani

Mafi daɗewa shi ne wanda ake kira .45-70, wanda aka yi wa sojojin Amurka a shekara ta 1873. Lambar farko na nufin faɗinsa, wato kusan rabin inci, ta biyun kuma yawan albarushin da ke ciki, kimanin giram huɗu da rabi.

Nauyin dalmarsa ta asali ya kai giram 26, kwatankwacin ƙwayar sukarin kwali biyar, kuma tana fita da gudun kimanin mita 400 a daƙiƙa ɗaya. Ba shi da sauri idan aka kwatanta da harsasan zamani, amma nauyinsa kan sa ya ratsa ƙashi da tsoka.

Sai dai akwai wani haɗari a tattare da shi. Saboda daɗewarsa, akwai tsofaffin bindigogi masu rauni da kuma sababbi masu ƙarfi, kuma duka harsashi mai girma ɗaya suke ci. Sanya harsashi mai ƙarfin zamani a tsohuwar bindiga tamkar ɗora kayan tirela ne a kan a-kori-kura, abin da ko yaron shago a Kasuwar Singa ya san ƙarshensa.

Wannan ne ya sa a shekara ta 2000 kamfanonin Marlin da Hornady suka fito da .450 Marlin, mai nauyin kusan giram 23 da gudun kimanin mita 640 a daƙiƙa. An yi wa gindin kwansonsa wani kauri na musamman ta yadda ba zai shiga tsohuwar bindiga ba.

Na ukun shi ne .444 Marlin na shekara ta 1964. Ya fi sauran biyun sauƙin nauyi, da kimanin giram 16 a yadda aka fara yin sa, ya kuma fi su gudu. Amma masu farautar dabbobi masu kaurin fata sun fi karkata ga mai nauyi.

Abin da maharbi ke dubawa

Abu na farko shi ne dabbar kanta. Harsashin da zai kayar da gwanki ko mugun dawa ba lallai ne ya wadatar ga ɓauna ba, wadda a gabashi da kudancin Afirka namijinta kan kai kilo 800.

Na biyu shi ne nisa. Da yake waɗannan harsasai masu nauyi ne kuma marasa tsini, sukan fara sunkuyawa ƙasa da wuri. Amfaninsu ya fi yawa ne a tazarar da ba ta wuce mita 150 zuwa 200 ba.

Na uku shi ne ƙirar dalmar. Mai laushi takan buɗe idan ta shiga jiki, abin da ya dace da dabba mai siririyar fata. Mai tauri kuwa takan miƙe ta ratsa ba tare da ta tarwatse ba.

Na huɗu shi ne maharbin. Babban harsashi a bindiga marar nauyi kan doki kafaɗa da ƙarfi, kuma wanda ke fargabar wannan duka yakan runtse ido ya kuskure. Matsakaicin harsashi da ya sami ƙahon zuci ya fi babba da ya sami cinya.

Yaya abin yake a dajin Afirka?

Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya zo farauta gabashin Afirka daga 1909 zuwa 1910 da bindigar Winchester mai liba, mai cin harsashin .405, kuma ya harbi zakuna da ita. Amma duk da haka ya riƙe wata babbar bindiga mai baki biyu ƙirar Ingila saboda giwa da karkanda.

A yau wasu ƙasashe sun ɗauke wa maharbi wani ɓangare na zaɓin. A Tanzaniya, faɗin .375 shi ne mafi ƙanƙanta da aka amince a fuskanci dabbobi masu haɗari da shi. Namibiya kuwa ƙarfin harsashi take aunawa, inda ta gindaya jul 5,400 ga manyan dabbobi irin su giwa da ɓauna.

Idan aka yi lissafi, .45-70 na asali bai fi jul 2,200 ba, .450 Marlin kuma yana wajen 4,600. Shi kuwa .375 H&H na Ingila, wanda aka fito da shi a 1912 kuma ya fi su siranta, yana haura 5,500. Ke nan faɗin baki kaɗai ba shi ne ƙarfi ba.

Kenya ta rufe wannan babi baki ɗaya tun 1977, lokacin da ta haramta farautar namun daji.

Me dokar Najeriya ta ce?

Ga maharbin Kano, tambayar farko ita ce ta izini. Dokar mallakar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku.

Rukuni na farko ya ƙunshi makaman da sai da izinin shugaban ƙasa, ciki har da ƙananan bindigogin hannu da bindigogin soja masu faɗin milimita 7.62 da milimita 9 da kuma inci .300 da .303.

Rukuni na biyu, wanda ya haɗa da bindigogin harbin tsuntsaye da na farauta, yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. A bisa wannan rabo, a nan ne bindiga mai liba mai faɗin .45 za ta faɗa. Sai dai a watan Agustan 2023, Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa an dakatar da bayar da lasisin bindiga saboda yawaitar makamai a hannun jama'a.

Rukuni na uku shi ne na bindigogin da ake ɗurawa ta baki irin su adaka, kuma al'amarinsu na hannun kwamishinan 'yan sandan jiha.

Ko wannan rukuni na ukun ma riƙe shi na iya jawo bala'i. A ƙarshen watan Maris na 2025, wasu gungun mutane sun kashe mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo, suna kan hanyarsu daga jihar Ribas zuwa Kano domin bikin Sallah, bayan da 'yan sintiri suka ga bindigogin gargajiya a motar da suke ciki. Da dama daga cikinsu 'yan ƙauyen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya bayan faruwar lamarin.

Ina manyan dabbobin suke?

Ko da an sami lasisi, akwai sauran tambaya: me za a harba?

Dajin Falgore, mai nisan kimanin kilomita 150 kudu da birnin Kano, keɓaɓɓen wuri ne da aka tanada domin kare namun daji. Haka ma Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956, inda ragowar giwaye da ɓauna suke. Farauta a irin waɗannan wurare laifi ne.

Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a ɗaukacin Afirka ta Yamma ba su fi kimanin 400 ba, kuma a Najeriya a Yankari da gandun dajin Kainji ne kawai aka same su.

Tun 1985 ƙasar ke da dokar kare dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. A watan Janairun 2024 ma hukumomi sun niƙe haurin giwa tan biyu da rabi da aka ƙwace, a birnin Abuja.

Saboda haka muhawara kan .45-70 da takwarorinsa ta fi shafar masu farautar manyan barewa da beyar a Amurka da Kanada, da kuma masu biyan maƙudan kuɗi su je kudancin Afirka ko arewacin Kamaru.

Amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinta tsohuwa ce a wurin kowane Sarkin Baka: maharbi ba ya ɗaga makami kan dabbar da makamin nasa ba zai iya kayarwa ba. Abin da ya ƙaru a yau shi ne, kafin ya duba jakar harsashinsa, sai ya fara duba takardar izininsa da kuma dajin da zai shiga.