Bushin: 'Yar Robar da ke Riƙe da Ƙafar Tsohuwar Mota

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin motocin haya a hanyoyinmu ya san ƙarar nan. Taya na faɗawa rami sai a ji ƙwal daga ƙasan mota, direba na taka birki a ji gum a ƙarƙashin ƙafar fasinjan gaba. Direba zai ce ƙafa ce, bakanike ya ce aikin ƙafa ne, kuma galibi shokozoba ake fara ɗora wa laifi. A sayo wata a ɗaura, a biya kuɗi masu kauri, a hau titi, ƙarar tana nan daram. Sau da yawa abin da ya mutu wata 'yar roba ce da ba ta kai dunƙulen hannu ba, wadda makanikai ke kira bushin.

Tayar mota ba a manne take da gangar jikin motar kai tsaye ba. Wasu hannayen ƙarfe ne ke riƙe da ita, fitaccen cikinsu shi ne lowa-am, kuma dole su riƙa yin sama da ƙasa yayin da taya ke bin tudu da kwarin hanya. Inda hannun ya haɗu da jikin mota, nan bushin yake zaune. Ƙirarsa ba wuya: ƙaramin bututun ƙarfe a tsakiya wanda bol ke ratsawa, babban bututu a waje wanda ake dannawa cikin ramin hannun, sai roba a tsakani, wadda aka dafa ta kama ƙarafan biyu tun daga masana'anta. Aikin da guringuntsi ke yi a gwiwar mutum shi yake yi: ya bar gaɓa ta motsa, ya hana ƙarfe cin ƙarfe, ya shanye girgiza kafin ta kai ga kujera.

Akwai abu guda da mai mota ya kamata ya riƙe, domin kusan duk kuskuren da ake tafkawa a gareji daga rashin saninsa yake fitowa. Irin wannan bushin ba ya juyawa a kan bol. Idan aka ɗaure bol, ƙaramin bututun ya kafe ke nan, babban kuma yana tafiya tare da hannun. Duk motsin da ake gani, robar ce ke murɗewa tana warwarewa, sau dubbai a tafiya ɗaya. Tana da iyakar murɗar da za ta iya jurewa, ta sama da ta ƙasa, kuma wanda ya zana motar ya auna wannan iyaka ne daga tsayuwar mota a kan tayoyinta.

Ɗanyar roba ba za ta iya wannan aiki ba, don tana yin danƙo a zafi, ta sandare a sanyi. Dafa ta da farar wuta, dabarar da Ba'amurke Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844, ita ce ta ba ta ƙarfi da tsalle. Sai dai dafaffiyar robar ma tana tsufa ko da motar a ajiye take. Iska na sa ta bushe ta tsattsage, zafi kuma na gaggauta hakan, ga shi a Sakkwato ko Maiduguri ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu, balle a ƙasan mota, tsakanin kwalta da salansa. Baƙin mai ya fi su duka ɓarna. Injin da ke yoyo, ko man sitiyari da ke ɗiga a kan bushin, yana sa robar ta kumbura ta yi laɓo-laɓo har ta saki ƙarfen. Wanda ya canja bushin bai toshe yoyon ba, zai dawo gareji ba da daɗewa ba.

Mu kuma yawancin motocinmu tokumbo ne, da tsufansu suke isowa. Motar da ta yi shekara goma sha a Jamus, Beljiyam ko Kanada tana iya zuwa da fenti mai sheƙi da inji lafiyayye, amma robobin ƙafarta shekarunsu ɗaya da ita. A can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa bol kan yi tsatsa ya kama bututun bushin, har sai an sa zarto kafin ya fita. Tana sauka nan sai ta tarar da gargada da lodi. Golf da Sharon da ke jigila tsakanin garuruwa, da ragowar Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ana loda musu mutane da buhuna har gindinsu ya kusa taɓa ƙasa. A wannan hali robar a murɗe take tun kafin a tashi daga tasha, kowane rami ƙari ne a kan abin da ya riga ya yi mata yawa.

Ƙara ita ce alamar da kowa ke ji, amma ba ita ce mafi muni ba. Bushin ne ke tsayar da taya a saitinta. Idan ya yage, taya na ja da baya in an taka birki, ta dawo gaba in an ba da wuta, sai ka ga mota tana karkata gefe guda a birki, ko tana yawo a miƙaƙƙiyar hanya direba na ta gyara sitiyari. Gefen taya na ciki yakan cinye alhali sauran fuskarta na da sauran rai. Gane shi ba ya buƙatar kwamfuta. A ɗaga mota a tokare ta da abin da ba zai goce ba, kada a dogara da jak kaɗai, a haska tocila, a sa liba a banƙara hannun. Ƙananan tsagu a fuskar robar tsufa ne kawai, ana iya ci gaba da tafiya. Yagewa har ciki, ko rabuwar roba da ƙarfe, ko hannun da ke wasa, wannan ya gama aiki. Wasu motocin suna da bushin mai ruwa a ciki, nasu alamar ita ce jiƙewa. Tun da an riga an shiga ƙasan motar, a duba bol-joyin da tayarod, don ƙararsu kan yi kama. Bushin yakan daɗe yana gargaɗi. Bol-joyin kuwa in ya fita, shi ne motar da kake gani ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karye gefe.

Sai maganar saye. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za a ba ka zaɓi, kuma mutanenmu sun yi imani da kayan Beljiyam, wato waɗanda aka kwance daga tsofaffin motocin waje. A kan inji ko giya, suna da hujja. A kan roba kuwa ban ga hujjar ba: lowa-am da aka kwance daga motar da ta yi shekarun taka, bushin ɗinsa ma ya yi shekarun naka. Abin da ya fi shi ne sabon bushin na kamfanin kirki, in hannun bai lanƙwashe ba, ko sabon hannu sukutum in bol-joyin ɗin a haɗe yake da shi kuma shi ma ya gaji. Akwai na wata roba mai tauri da ake kira foliyuretan, yana daɗewa, baƙin mai bai dame shi sosai ba, amma yana son giris ɗinsa na musamman, yana kuka in ya bushe, kuma duk gargadar hanya za ka ji ta a ƙugunka.

Akwai kuma masu yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota. Ba na raina sana'arsu. Sun fitar da direbobi da yawa daga daji, kuma a wuraren da robar matashi ce kawai, kamar maƙalar sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, nasu yana biyan bukata na ɗan lokaci. A lowa-am ne nake ja da shi. Robar taya ba ta manne da ƙarfen ba, saboda haka maimakon ta murɗe sai ta riƙa goguwa, ramin ya faɗaɗa, wasan ya dawo. Taurinta ma ba wanda ya auna shi.

Ko an sayi mai kyau, hannun bakanike na iya kashe shi a ranar. Da injin matsi ake fitar da bushin a kuma shigar da shi. Guduma tana lotsa bakin bututu ta ɓata ramin hannun. Ƙona tsohuwar robar da wuta, abin da ake yi a gareji da yawa, yana iya rage ƙarfin hannun, musamman na alminiyam. Wasu bushin ɗin suna da ramuka a jikin robar da kibiya a gefe, don an yi su ne su yi taushi ta wata fuska su yi tauri ta wata. In aka danna shi a karkace, sabo ne amma ba zai yi aikinsa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure bol mota na rataye. Idan mota tana sama, ƙafarta a sake take, ta zube ƙasa iyakar zubewarta. Yaron gareji ya sa sifana ya ɗaure tamau a haka, a sauke mota, nauyinta ya tura hannun sama, robar ta murɗe ta zauna a murɗe dare da rana. Bayan 'yan watanni ta yage, mai mota ya zagi mai shago cewa jabu ya sayar masa. Ƙa'idar ita ce a ɗaura bol sakwa-sakwa, a sauke mota ta tsaya da nauyinta a kan rami ko gada, a ɗan girgiza ta ta zauna, sannan a yi ɗaurin ƙarshe. Mai mota na da ikon tsayawa ya ce, “Malam, a sauke ta tukuna kafin a ɗaure.” A kuma canja dama da hagu tare, don sabo a gefe guda da tsoho a ɗaya gefen na sa mota ta ja a birki.

Daga gareji sai wurin alaimen, wato saitin tayoyi, kuma bayan an gama aikin ƙafa ake yinsa. Wanda ya kai mota alaimen da yagaggen bushin ya yi asarar kuɗinsa, domin saitin zai goce a ramin farko. Wanda ya canja bushin ya tsallake alaimen kuma, taya ce za ta biya. Tayar da ta kauce wa saitinta da digiri ɗaya tak, ana jan ta a kaikaice kusan mita 17 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, ya zama an goga ta a kwalta ta gefe na kimanin kilomita 4, kuma kuɗin taya guda ya ninka na bushin sau da yawa.