Idan kwamfutar cikin kwamfuta ta kasa tashi

Kwamfutar cikin kwamfuta manhaja ce da ke kwaikwayon na'ura sukutum, da faifan ajiyarta da tsarin gudanarwarta, ta yadda babbar na'ura guda za ta ɗauki irinta da dama. Wani lokaci takan fara tashi, ta ci karo da matsala, ta mutu, ta sake tashi, haka dai ba iyaka. A ranar 19 ga Yulin 2024, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta jefa na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 cikin wannan hali, bisa ƙiyasin Microsoft.

Wani sanadin kuma shi ne ɗaukewar wuta daidai lokacin da na'ura ke rubutu a faifai, domin hakan kan lalata fayilolin da take buƙata wajen tashi.

Idan kwamfutar cikin kwamfuta ta shiga wannan hali, matakin farko shi ne a hana ta sake kunna kanta, domin saƙon kuskuren ya tsaya a allo a karanta shi, sannan a kwafi faifan kafin a taɓa komai. Idan ta ƙi tashi ko a yanayin kariya, wanda ke loda manhajoji mafi ƙaranci, sai a cire faifan, wanda shi kansa fayil ne kawai, a jona shi da wata lafiyayyar na'ura, a gyara ko a goge abin da ya lalace daga can. Gaggawar sake girka tsarin daga tushe ita ce shawara mafi muni, domin takan tafi da bayanan da ake iya cetowa.