Ɗumamar Yanayi da Cutar Itacen Fain: Abin da Ya Shafi 'Yan Katako

LUGBE, Abuja: Ga mai sayar da katako a Lugbe ko a kasuwar Dei-Dei, cutar da ke kashe itatuwa a Jafan tamkar labarin wata duniya ce. Amma kuwa cikin katako da akwatunan kaya ne cutar take ƙetare teku, saboda haka maganar ta shafi aljihunsa.

Itacen fain, wanda ake yin takarda da silin da akwatunan kaya da shi, yana fama da wata cutar ƙeƙashewa. Wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani take haddasa ta, wani buzuzu mai dogayen ƙahoni kuma shi ke ɗauke da ita daga wannan itace zuwa wancan. Da zarar ta shiga, sai ta toshe hanyoyin ruwa, itacen ya bushe cikin 'yan watanni.

An fara lura da cutar a Jafan a 1905. Ta bayyana a Sin a 1982, a Koriya ta Kudu a 1988, sannan a Fotugal a 1999. Masana gandun daji sun gano cewa ta fi yin ɓarna inda matsakaicin zafin bazara ya haura digiri 20. Wannan ne ya sa ɗumamar yanayi take buɗe mata ƙofa: buzuzun yana saurin hayayyafa, yana kuma isa wuraren da sanyi ya hana shi a da, ga shi fari ya riga ya raunana itatuwan.

Haka ya faru a yammacin Kanada daga ƙarshen shekarun 1990, inda raguwar sanyin hunturu ta bai wa wani ƙwaron dama ya lalata dazuzzukan fain fiye da hekta miliyan 18.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana irin wannan. Bayan farin 1983 da 1984, wani ƙwaro mai manne wa ganye ya afka wa itatuwan darbejiya a yankin Tafkin Chadi, har da Jihar Borno, ya busar da masu yawa. Darasin shi ne, itacen da ƙishi ya galabaitar ba ya iya kare kansa. Gonakin fain da aka shuka a Afaka kusa da Kaduna, da kan tsaunukan Jos da Mambila, suna bukatar sa ido saboda wannan dalili.

Ta fuskar ciniki kuwa, tun 2002 aka amince da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISPM 15. Ɗaya daga cikin hanyoyin cika ta shi ne a gasa katakon akwatunan kaya har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, a kuma buga masa hatimi. Kayan da suka isa tashar waje cikin akwati marar hatimi ana iya tsare su, ko a mayar da su, ko a ƙone akwatin, asarar kuma a kan mai kaya take.

Don haka ya zama wajibi ga mai fitar da citta ko riɗi ko zoɓo ya tabbatar da hatimin kafin ya yi lodi. Mai sayen tsofaffin akwatunan waje don aikin kafinta kuma ya duba ramukan ƙwari da garin katako, in ya gani ya sanar da hukumar killace tsirrai ta tarayya, domin rigakafi ya fi magani.